A Roma, ina mai ƙin cin duk abin da ya fito daga dabba zai samu abinci?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da baƙi da za su yi mako guda a Roma, masaukinsu kusa da Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta garin. A cikinsu akwai wadda ba ta cin komai da ya fito daga jikin dabba: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, ba cuku, ko zuma ba ta sha. Dukansu Musulmi ne, sauran sun ce su ma tsarinta za su bi don hankalinsu ya kwanta game da alade. Waɗanda suka san garin, don Allah ina za su nufa, me za su nema, me za su guje wa?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Roma ba ta da wuya ga mai irin wannan tsari, amma a daidaita tunani tun daga farko. In suka ce sai inda aka rubuta vegano a ƙofa za su ci, rabin yininsu a bas da jirgin ƙasa zai tafi, don wuraren a warwatse suke. Girkin Romawa kuwa asalinsa na talakawa ne, mafi yawansa man zaitun ne da ganye da wake da taliya. Abin da ke ɓata shi wasu 'yan abubuwa ne da ba a cika rubutawa a takardar abinci ba. Su za a haddace.

Na farko strutto, narkakken kitsen alade. Yana shiga ƙullin burodi, wani lokaci ƙullin fiza, da wasu kayan zaƙi. Ba ya wari, ba a ganinsa. Na biyu guanciale da pancetta, naman alade mai kitse da ake yayyankawa ƙanana a fara soya shi da albasa kafin a ɗora miyar wake ko ta ganye. Kafin miyar ta nuna ya narke ya ɓace, shi ya sa in ka tambayi mai kawo abinci ko da nama a ciki zai ce babu, kuma a ganinsa gaskiya ya faɗa. Na uku alici ko acciughe, ƙananan kifi masu gishiri da ake narkarwa a mai. Sai pecorino da parmigiano, cukun da ake barbaɗawa a saman taliya ba tare da an tambaye ka ba. Sai brodo, wato romo, da dado, ɗan dunƙulen romo. Sai ƙwai a ɗanyar taliya.

Wannan na ƙarshe yana da sauƙin rabewa. Dokar Italiya ta 2001 ta tanadi cewa busasshiyar taliya da aka rubuta mata semola di grano duro garin alkama mai tauri ne da ruwa kaɗai. Spaghetti, penne, rigatoni, bucatini duk nan suka faɗa. Wadda aka ce all'uovo kuwa dole ne ta ƙunshi aƙalla ƙwai huɗu a kowane kilo na gari. Fettuccine da tonnarelli da ravioli da shimfiɗar lasagna kusan kullum da ƙwai ake kwaɓa su. Don haka in gidan abinci yana alfahari da pasta fatta in casa, taliyar da suka murza da kansu, a nan ne ya kamata a ce a musanya da busasshiya.

Taliyoyi huɗun da Roma ta yi suna da su a manta da su baki ɗaya: carbonara da amatriciana da gricia duk da guanciale, cacio e pepe kuma cuku ne zalla. Abin da za a nema shi ne penne all'arrabbiata, tumatir da tafarnuwa da barkono. Spaghetti aglio, olio e peperoncino, wato tafarnuwa da mai da barkono. Ko al pomodoro, mai tumatir. A ƙara da cewa senza formaggio e senza burro, wato ban da cuku ban da man shanu, don wasu masu girki suna jefa ɗan man shanu a kasko daf da saukewa don miyar ta kama taliyar.

Sannan a duba ƙasan takardar, inda aka rubuta contorni, wato farantan gefe. A nan arzikin yake: cicoria ripassata, ganye mai ɗan ɗaci da aka tafasa aka sake juyawa a mai da tafarnuwa da barkono; broccoletti, shi ma ganye; verdure grigliate, gasassun kayan lambu; patate al forno, gasasshen dankali. Faranti biyu na waɗannan da taliya ɗaya da burodi, mutum ya ƙoshi. Dankalin kawai a tambaya ko a tire ɗaya aka gasa shi da nama.

Anti Zulai:
Malam, bayaninka daidai ne, amma ban yarda a ɗora wa baƙin mako guda wannan nauyin a kowane cin abinci ba. Mutanen da ba sa jin Italiyanci, a gidan abinci mai cunkoso da ƙarfe tara na dare, mai kawo abinci yana gudu tsakanin tebur goma, wa zai tsaya ya amsa musu tambaya shida? Zai ce sì, sì ya wuce. Ga kuma man suya: yawancin ƙananan wurare tukunyar suya ɗaya ce, a ciki ake soya baccalà, wato kifi mai gishiri, da supplì, dunƙulen shinkafa mai cuku, da dankali. Wanda ya ɗauki tsarin nan da gaske ba zai so wannan ba.

Shawarata, abincin dare a yi shi a inda kicin ɗin gaba ɗaya babu kayan dabba. Tunda a Termini suke, Rifugio Romano yana kan titin Volturno, da ƙafa za su je, kuma girkin Romawa suke yi da kayan tsiro, har su carbonara. A unguwar Monti, kan titin Urbana, akwai Grezzo, masu cakulan da askirim marasa madara. A Ostiense akwai Romeow, inda ake cin abinci kyanwoyi na yawo a cikin ɗakin, wanda ba ya son haka ya sani tun wuri. Il Margutta kusa da dandalin Piazza del Popolo tun 1979 yake, sai dai shi vegetariano ne, akwai cuku da ƙwai a wasu farantan, a bi alamar da ke gefen kowanne. Manhajar HappyCow tana nuna wuraren a taswira, tana kuma bambanta waɗanda babu kayan dabba sam da waɗanda ke da zaɓi kawai. A duba sharhin da ya fi kusa a kwanan wata, a kuma buga waya kafin a kama hanya, don gidajen abinci suna rufewa ko su sauya tsari taswira ba ta sani ba.

Malam Habu:
Na dare na yarda, Anti. Amma da rana mutum yana Kolosiyam ko Batikan, yunwa ta kama shi, ba zai tsallaka gari ba. Dole ya iya karanta takardar gidan da ke gabansa.

Injiniya Bashir:
Akwai abin da zai rage tambayoyin nan. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169/2011, wadda ta fara aiki a Disamba 2014, ta wajabta wa duk mai sayar da abinci ya bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane ciwo, ko da abincin ba a leda yake ba. Shi ya sa za ku ga ƙananan lambobi a gefen sunan abinci, ko a ce a nemi lista degli allergeni. A jerin dokar, 2 su jatan lande ne, 3 ƙwai, 4 kifi, 7 madara da duk abin da aka yi da ita, 14 su dodon koɗi da makamantansu na teku. Yawancin gidaje wannan jerin suke bi, amma a duba fassarar lambobin a ƙasan takardar, don wasu suna tsara nasu.

Amfaninsa a bayyane yake. Puntarelle, wani ganye mai ƙaras-ƙaras da ake ci ɗanye lokacin sanyi, a ido ganye ne zalla, amma za ka ga lamba 4 a gefensa saboda an dama alici a cikin man da aka zuba masa. Pasta e ceci ta Romawa, taliya da wani wake mai zagaye da ake kira ceci, ma haka, sau da yawa da kifin ake fara soya ta. Fiori di zucca, furen kabewa da ake soyawa, cikinsa cuku ne da kifi, za ka ga 4 da 7.

Ga inda mutane ke faɗawa rami: nama ba ya cikin 14 ɗin. Kitsen alade ba ya ciki, romon kaza ba ya ciki, zuma ba ta ciki, gelatina ba ta ciki. Faranti zai iya zuwa babu lamba ko ɗaya sai ta alkama, alhali da guanciale aka fara shi, kamar vignarola, dafaffen kayan lambu na farkon bazarar Turai, ko pasta e fagioli, taliya da wake, da aka dafa da fatar alade. To lissafin shi ne lambobi su ɗauke maka tambayar ƙwai da madara da kifi, kai kuma ka yi biyun da suka rage da baki:

C'è strutto, guanciale o pancetta?
Il brodo è vegetale?

Ta farko tana tambayar kitse da naman alade, ta biyu ko romon na kayan lambu ne. A rubuta su a ƙaramar takarda, a ƙara layi ɗaya a sama: Non mangio carne, pesce, uova, latte, formaggio, burro, miele, wato ba na cin nama, kifi, ƙwai, madara, cuku, man shanu, zuma. A miƙa a ce a kai wa mai girki. Tambaya mai sunan abu tana samun amsa ta gaskiya fiye da a ce "wannan vegano ne?", don ba kowa ya san iyakar kalmar ba.

Maman Sadiq:
Allah ya saka, Injiniya, na kwafe. To fiza fa? Yaran da ke cikinsu ita suka fi so, kuma an ce mini da rana ita ce mafi sauri.

Malam Habu:
Ita ce mafi sauri kuwa. Da rana a nemi forno, gidan burodi, ko pizza al taglio, inda ake gasa ta a dogon tire a yanka da almakashi ko wuƙa a auna. Awonsu etto ne, giram 100. Ka nuna da hannu girman da kake so, mai yankan ya ɗora wuƙa ya dube ka, ka ce più in kana son ƙari, meno in ya yi yawa. Etto biyu zuwa uku sun isa babba ɗaya.

Iri uku ne nasu. Pizza bianca ƙulli ne da man zaitun da gishiri a sama. Pizza rossa ita ce wadda aka shafa wa tumatir kawai. Pizza con le patate kuma dankali ne da ganyen rosmarino, sai dai ita kala biyu ce, wata da cuku a ƙarƙashin dankalin, a duba da kyau. Duk ukun a yi tambayar strutto sau ɗaya, nell'impasto, wato a cikin ƙullin. Yawanci man zaitun ne, amma tsofaffin gidajen burodi wasu ba su bar kitsen ba.

Da dare a gidan fiza mai zagaye, marinara ake nema: tumatir, tafarnuwa, ganyen origano da mai. Haka take a Napoli. A Roma wasu gidaje suna ɗora mata alici, don haka a karanta layin da ke ƙarƙashin sunan. Wadda ake kira napoletana ko Napoli a Roma ba ita ba ce, waccan cuku ce da kifi. In ana son ta kayan lambu, a ce ortolana senza mozzarella, a kan tumatir, in ba haka ba za ta zo a bushe. Supplì, dunƙulen shinkafar da ake fara ci kafin fiza, akwai cuku a tsakiyarsa, sau da yawa da miyar nama, a bar shi. A madadinsa bruschetta al pomodoro.

Burodi kuma, manyan dunƙulen ƙauye irin na Genzano da Lariano gari ne da ruwa da gishiri da yis. Masu laushi su ne abin zargi: panino al latte, pancarrè na leda, da piadina, wadda asalinta a Romagna da strutto ake yi sai in an rubuta all'olio.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, zan taɓo abin da kika ce sauran za su bi tsarinta don hankalinsu ya kwanta. Game da alade zai kwanta, game da giya ba zai kwanta ba. Giya daga inabi take, don haka gidan da babu kayan dabba ko kaɗan yana iya girki da ita hankali kwance, kuma mafi yawansu suna sayar da ita a tebur. Dole a yi wannan tambayar daban: C'è vino o alcol?

Inda ta fi ɓuya: risotto, don bayan an soya shinkafar ana zuba farar giya ta ƙone kafin romo, suna ce wa hakan sfumare. Ita risotto ma dama da man shanu da cuku ake kammala ta. Miyar lemar kwaɗi da ragù na adas ko na waken suya, da yawa da jar giya ake yinsu don su yi ɗanɗanon na nama. Carciofi alla romana, wani kayan lambu mai kama da rufaffen fure, wasu da ruwa da mai kawai suke turara su, wasu sai sun ƙara farar giya. Ciambelline al vino, ƙananan biskit masu zagaye da ake kawowa bayan abinci, babu ƙwai babu madara, amma sunansu ya faɗi abin da ke ciki. Taralli kuma iri biyu ne, kowanne da matsalarsa: na Puglia da farar giya ake kwaɓawa, na Napoli da sugna, wani sunan kitsen alade.

A kanti, a juya ledar yankakken burodi da kek-kek na leda. Za a ga an rubuta trattato con alcool etilico in superficie, wato an fesa barasa a samansa don kada ya yi funfuna. Ana ma jin warin da an buɗe. A kayan zaƙi a lura da rum, marsala, liquore, da bagna, ruwan da ake jiƙa kek da shi.

Rabi'atu:
Yaya, ruwan khal ɗinsu fa? Aceto di vino ne a kan kowane tebur.

Ɗan Damagaram:
Mafi yawan malamai sun halatta khal tunda ya riga ya juye ya bar maye, akwai kuma bayani kan yadda aka juya shi. Wannan kowa ya koma ga malaminsa. Wanda ke son kauce wa zancen baki ɗaya ya ce olio e limone, mai da lemun tsami. Salak a Italiya dama ba a haɗe yake zuwa ba, kai ke zuba abin da kake so.

Hajiya Kulu:
Duk kun tsaya a gidan abinci, alhali mutanen nan kusa da kasuwar Esquilino suke. Daga Termini a bi titin Giolitti ko Principe Amedeo zuwa wajen dandalin Piazza Vittorio, tafiyar ƙafa ce. Kasuwa ce mai rufi, ɓangare ɗaya na yadi da tufafi, ɗaya na abinci. Akwai doya, rogo, kuɓewa, agade, attaruhu, citta, man ja, gyaɗa, shinkafa da wake kala-kala a buhu ana aunawa. A shagunan 'yan Sin da ke kewayen dandalin ana samun tofu, wato awara dai da muka sani, sai dai ɗanya ce a cikin ruwa, a matse ta a tsumma kafin a soya in ba haka ba ta farfashe ta yi ta tartsatsi. A je da safe. Bayan azahar an fara kwashe kaya, ranar Lahadi kuma a rufe take. Ɓangaren nama da kifi yana tsakiya, wadda ba ta son gani ta bi ta gefe.

In suna wajen Batikan, kasuwar Trionfale tana kan titin Andrea Doria. In suna kudu, ta Testaccio, a sauka a tashar Piramide a layin B na jirgin ƙarƙashin ƙasa. Duka na safe ne zuwa rana. A kasuwa kada a ɗauki kaya da hannu ana latsawa, mai kaya ne ke zaɓa. A manyan kantuna irin Conad da Coop da Carrefour kuwa kai za ka ɗiba, da safar hannu ta leda, ka ɗora a sikeli ka danna lambar kayan, ka manna takardar da ta fito. Wanda ya manta sai an mayar da shi daga wurin biya.

Abin da zai riƙe ciki a yawo: gwangwanin ceci, fagioli (wake) ko lenticchie (adas), na giram 400 ne, in an tsiyaye ruwan kusan 240 ke saura, ya isa mutum biyu da burodi da tumatir da mai. Akwai lupini, wani wake rawaya mai faɗi a ruwan gishiri, Romawa na ce masa fusaie, ana ɓare shi da haƙori. Kayan Valsoia na waken suya suna kusan kowane kanti, NaturaSì kuma ya fi zaɓi amma ya fi tsada.

A leda a nemi tambarin V-Label da aka rubuta vegan a ƙarƙashinsa, ko VeganOK. Kada a ruɗu da bio, ko senza lattosio, wannan madara ce da aka sarrafa sukarinta, ko di magro, wanda yawanci cuku ne da alayyafo. A jerin kayan haɗi a gudu daga siero di latte da latte in polvere, kayan madara, albume da tuorlo, farin ƙwai da kwaiduwa, E120 da ake samu daga ƙwari, da colla di pesce, wadda a yau galibi daga fatar alade ko ta shanu ake yinta.

Rabi'atu:
Karin kumallo nake so in ƙara, Hajiya, don shi ne ya fi ba baƙi wahala. Na Italiyawa gahawa ce da cornetto, ɗan burodi mai zaƙi, a tsaye a bar, wato shagon gahawa. Cornetto na yau da kullum da man shanu ko majarin da ƙwai ake yi, wasu da strutto. Yanzu bar da yawa suna da cornetto vegano, amma kaɗan suke ajiyewa, zuwa hantsi ya ƙare. Kada a ɗauka duk mai duhun launi shi ne, akwai integrale al miele mai kama da shi, da zuma a ciki. Cappuccino di soia, gahawa da madarar waken suya, kusan ko'ina akwai, na avena, madarar wani hatsi, ma ya yawaita. A fara biya a cassa, a kai rasit kan kanta. Zama a tebur kuɗinsa ya fi na tsaye, musamman a tsakiyar gari. Inda babu komai, spremuta d'arancia, lemun zaƙi da aka matse nan take, da pizza bianca daga forno mafi kusa.

Askirim kuma a ce gusti senza latte. Na 'ya'yan itace yawanci da ruwa ake yi, amma ba duka ba: ayaba da kwakwa sau da yawa da madara, na lemun tsami wasu suna sa farin ƙwai don ya yi laushi. Cioccolato fondente a wurare da yawa babu madara. A karɓa a coppetta, ƙaramin kofi, don mazubin biskit ɗin ba kullum aka san abin da ke cikinsa ba. A Roma ana tambaya "panna?", wato kirim na madara, a ƙarshe, wani ma sai ya ɗora kafin ka amsa, don haka a ce senza panna tun ana zubawa. Lokacin zafi akwai grattachecca a rumfunan bakin kogin Tevere, ƙanƙara ce da ake kankarewa da hannu a zuba ruwan 'ya'yan itace.

Ruwan sha kada su saya. Famfunan ƙarfe da ake kira nasoni sun haura dubu biyu a garin, suna zuba dare da rana, ruwan sha ne mai sanyi. In ka toshe bakin da yatsa, ruwan zai fito ta ɗan ramin sama ka sha ba kofi.

Anti Zulai:
Wurare biyu da ba a ambata ba, kuma su ne tsakiyar abin da ni da Malam muke ja a kai. Na farko unguwar Yahudawa, titin Portico d'Ottavia. A gidajen da ke bin ƙa'idar kosher babu alade ko kitsensa, kuma ba a haɗa nama da madara a kici ɗaya, don haka a gidan nama ba za ka gamu da cuku ko man shanu a ganyenka ba. Saura ƙwai da kifi, su a duba lambobi. Amma ba kowane gida a titin ne kosher ba, a nemi takardar shaida a ƙofa, kuma masu bin ƙa'idar suna rufewa daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar. Abin ci a nan carciofi alla giudia: ana fere shi, a soya sau biyu, na farko a mai marar zafi sosai har cikinsa ya nuna, na biyu a mai zafi ya buɗe ganyensa su yi ƙaras. Lokacinsa na gaskiya daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Sai concia, soyayyen zucchine, wata ƙaramar kabewa doguwa, da aka jiƙa a khal da tafarnuwa da ganye mai ƙamshi. A yi tambayar man suya, stesso olio del pesce?, wato ko mai ɗaya ne da na kifi, don a nan ma ana soya baccalà.

Na biyu gidajen abincin Habasha da Eritiriya, akwai su a kewayen Termini saboda daɗaɗɗiyar alaƙar ƙasashen da Italiya. Kiristocin Orthodox na can suna azumin barin nama da madara da ƙwai ranakun Laraba da Juma'a da wasu lokuta masu tsawo, don haka girkin da babu kayan dabba ba baƙo ba ne a wurinsu. Injera, faffaɗar wainarsu mai tsami, da shiro, miyar garin wake, da miyar adas da ganye. Tambaya ɗaya ce: da mai aka yi ko da man shanun nan nasu mai kayan ƙamshi.

Malam Habu:
Waɗannan biyun ban da ja. In zuwansu lokacin zafi ne, a ƙara da pomodori al riso, manyan tumatir da aka ƙwaƙule aka cika da shinkafa aka gasa a kan dankali. Ana samunsu a tavola calda, shagon dafaffen abinci, da forno, da ɗumi ko a huce ake ci, kuma a asalin girkin babu cuku.

Injiniya Bashir:
Lokaci ma a kiyaye shi. Kicin na rana daga wajen 12:30 zuwa 3:00 ne, na dare ba ya buɗewa kafin 7:00 ko 7:30. Tsakanin nan abin da ke buɗe fiza ta awo ce, da bar, da wuraren da ke farautar 'yan yawon buɗe ido, inda miya dafaffiya ce tun safe ba yadda za a cire mata komai. Mai son a sauya masa girki ya zo da buɗewa, kafin kici ya rikice. Ƙananan gidaje suna da ranar hutu a mako, galibi Lahadi da dare ko Litinin. A watan Agusta, musamman makon Ferragosto, 15 ga wata, da yawa suna kullewa su manna chiuso per ferie, wato an rufe don hutu, kuma ƙananan gidajen da Anti ta lissafa irinsu ne suka fi tafiya hutu. Mercato Centrale da ke cikin ginin Termini ta gefen titin Giolitti yana kaiwa dare, ya zama madogara in an dawo a makare.

Maman Sadiq:
Masaukin yana da ɗan kici, murhu biyu da tukwane. Akwai abin garin da za su iya dafawa da kansu ba tare da kayan aiki da yawa ba?

Hajiya Kulu:
Pasta e ceci, ba tare da kifin ba. Na mutum huɗu: gwangwanin ceci biyu, giram 250 na ƙaramar taliya irin ditalini, tafarnuwa ƙwaya biyu, reshen rosmarino ɗaya, cokali biyu na tumatirin gwangwani mai kauri, cokali huɗu na man zaitun, ruwa kamar lita ɗaya. A ɗumama mai da tafarnuwa da rosmarino a wuta kaɗan, kada tafarnuwar ta yi duhu, in ta ƙone duk tukunyar ɗaci za ta yi. A zuba tumatir a juya minti ɗaya, a zuba ceci da aka ɗauraye, a zuba ruwa, ya tafasa minti goma. A cire reshen, in ya daɗe ganyen zai zube ya cika miyar da tsinke. A kwashi kashi ɗaya cikin uku na waken a murƙushe da cokali mai yatsu a mayar, shi ke ba da kauri. Sannan a zuba taliyar ɗanya a cikin tukunyar, a yi ta juyawa don tana kama ƙasa da sauri, ana ƙara tafasasshen ruwa kaɗan-kaɗan in ta sha. Gishiri a ƙarshe, waken gwangwani dama da gishirinsa. A sauke tana da ɗan ruwa-ruwa kuma taliyar da sauran ƙarfi, don tana ci gaba da sha bayan an sauke.

Injiniya Bashir:
In murhun na induzione ne, mai baƙin gilashi, a yi amfani da tukwanen gidan kawai, tukunyar alminiyom ba ta ɗaukar zafi a kansa. Kuma kada a kunna murhu biyu da tanda da injin wanki lokaci guda. Gidaje da yawa a Italiya kilowat 3 ne ƙarfin mitarsu, wuta za ta ɗauke, kuma wani lokaci mitar tana ƙasan bene a cikin akwati mai makulli. Su tambayi mai gidan inda take tun ranar da suka karɓi mabuɗi.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Zulai, in kin samu sarari ki turo mini yadda ake furta jimlolin nan da murya, don su saurara kafin su taso.

Anti Zulai:
Zan turo bayan Isha'i in sha Allah. Ki ce musu kuma su ɗauki hoton takardar a waya, in ta jiƙe ko ta ɓata a kici.